Tauraron da Rissa Ba Ya Gani

Alhamis, 3 ga Afrilu, 1952. Bayan isha'i.

Yau na gane. Ba wanda ya faɗa mini, da idona na gani.

Yayana Rissa ya zo gaishe ni kamar yadda yake yi tun da na shiga takaba. Kullum da la'asar yake zuwa, kafin a kira magariba ya tashi. Yau Inna, uwar mijina, ta riƙe shi da tambaya: wane irin wuri ne aka binne ɗanta, akwai itace kusa, an sa ƙaya saboda kura? Yana amsawa yana duban katanga, har rana ta faɗi, ya yi salla a nan tsakar gida. Da Inna ta shiga ɗaki sai na ce, "Yaya, nuna mani jan tauraron nan na Likita." Ba gwada shi na yi niyya ba. So nake wani ya kalle shi tare da ni.

Ya ɗaga hannu nan take ya ce, "Ga shi can, Sauda."

Yatsansa yana kan sarari inda babu komai. Tauraron yana ƙasa da wurin sosai, saitin kan rumbu, ja wur, duk mai ido zai gan shi. Da ka Rissa ya nuna shi. Da ya miƙe zai fita ya yi karo da turmi, wanda yake nan a wurinsa tun ranar da aka kawo ni gidan nan. Ya yi dariya ya ce tsufa. Ya bi katanga da hannu har zaure.

Mijina Almustafa, na rubuta sunan yau, ba zan sake ba, Likita duk Tawa ke ce masa. Aikinsa allurar shanu saboda bushiya, annobar nan da ke kashe su. Rissa ne jagoransa duk lokacin da zai shiga arewa. A watan jiya suka wuce Tebaram su biyu, suna tafiyar dare saboda zafi. Rissa kaɗai ya dawo. Ya faɗa wa kumandan, Anasaran da ke mulkin gari, ya faɗa wa Inna, ya faɗa mini, cewa iska ce ta tashi ta rufe sama, suka ɓata rijiya, ruwa ya ƙare. Kowa ya ce ƙaddara.

Jagoran da ba ya ganin tauraro. Zan ajiye rubutun nan.

Juma'a, da asuba.

Wataƙila ni ce ban duba yatsan da kyau ba.

Asabar, 5 ga wata. Da hantsi.

Wannan kayen, littafin da nake rubutu ciki, na Likita ne, ya bar rabinsa babu rubutu. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko, lokacin da aka tilasta wa mai unguwa ya ba da 'ya'ya mata, abin da ya rage mini ke nan, in haɗa baƙaƙe a hankali. Ba ni da wanda zan faɗa wa, kuma ba ni fita. Duniyata yanzu ɗaki ne da tsakar gida da ɗan abin da katanga ta bar mini na sama.

Tun bara Likita ya kamu da taurari. Wani Anasara da suka yi aiki tare ya bar masa littafi da zai koma ƙasarsu. Bayan magariba sai ya shimfiɗa tabarma, ya sa fitila can nesa, ya duba littafi ya duba sama. Na ce masa shanu ba su ishe ka ba. Ya ce ai wannan ma sa ne. Ya nuna mini Kaza da 'ya'yanta, wadda kowa ya sani, sannan jan nan da ke binta a baya. Mutanen su Rissa Kokayad suke ce masa. Anasara kuma wai sun haɗa taurarin wurin sun ga kan sa, jan shi ne idonsa. Likita ya ce, "Kin ga ido ya yi ja haka, bushiya ce. In na kama shi sai na yi mashi allura."

Wata rana ina dama fura ya zo ya ɗauki curi guda ya ajiye a faifai, ya tsinci ƙwayar hatsi ɗaya ya ajiye kusa da shi. Ya ce ƙwayar ita ce rana, wannan da ke ƙona mu a bazara. Curin furar shi ne jan tauraron. Wai in aka jera rana wajen arba'in gefe da gefe, sannan za su kai faɗinsa. Na ce to me ya sa bai ƙone mu ba. Ya ce nisa. Hasken da muke gani ya baro can tun kafin a haifi Inna, shekara sittin da wani abu yana hanya. Na ce a'uzubillahi, ba ni furata. Ya hana ni, wai sai na ce na yarda. Ban ce ba. Ya cinye rabin curin a tsaye.

Abu mai wannan girma, kuma yayana ba ya ganinsa. Tauraron arewa da jagora ke bi, wanda ba ya motsi, bai kai rabin wannan haske ba.

Lahadi, 6 ga wata. Da la'asar.

Lalla ta biyo daga kasuwa. Matar Attahir ce mai fataucin hatsi, gidansu na bayan namu, tun ranar farko ba ta fasa zuwa ta zauna da ni ba. Ita kaɗai ce ke sa ni murmushi. Ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce, "Albishirinki. Bana zan ga uwata."

Iyayenta suna rijiyoyin da ke arewa da Tebaram. Attahir zai kai hatsi can kafin azumi, ya yarda ta bi shi da yaran biyu, waɗanda kakarsu ba ta taɓa gani ba. Na ce a wannan zafi. Ta ce da dare za a riƙa tafiya, da rana a kwanta.

Na ce, "Wa zai ja ku?"

Ta dube ni kamar na yi wauta. "Wa kuwa in ba yayanki ba? Attahir ya ce wanda iska ta taɓa ci ya fi kowa sanin hanya. Kuma a taimaka mashi, mutane sun fara gudunshi."

Na tashi na ce zan duba wuta. Babu abin da ke kan wuta.

Da na dawo na roƙe ta, duk ranar da aka yi yanka ta samo mini hanta. Marigayiya uwarmu ta taɓa cewa maganin dundumi ke nan, ciwon da ke hana mutum gani in rana ta faɗi: a gasa hanta, a ci, a shafa ruwanta a ido. Ban faɗa wa Lalla wannan ba. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Hanta? To, to. Ko Likita ya bar muna ajiya ne ba mu sani ba?" Na ce ta bari. Ta ce ta bari, amma tana dariya har zaure.

Talata, 8 ga wata. Bayan azahar.

Rissa ya zo da wuri, ya tafi da wuri. Na gasa hantar na kai masa zaure, don ba ya sauke amawali ya ci abinci inda Inna za ta iya ganin bakinsa. Ko ni ma sai na juya baya. Uwarmu ɗaya da shi, amma shi a daji ya tashi wurin dangin ubansa, ni a gari wurin nawa. Yana ɗan saurayi yake zuwa da cuku a cikin rigarsa, ya goya ni ya zaga kasuwar raƙuma da ni.

Ya buɗe kwanon ya daɗe yana kallo.

"Mi ne ne wannan?"

"Hanta ce, Yaya. Ka rame."

"Hanta kaɗai."

"Ita anka samu."

Na juya baya. Na ji yana ci a hankali. Da ya gama ya ce, "Allah shi ji ƙan Inna," yana nufin uwarmu. Ya san maganin. Ya san na sani. Na ɗauke kwanon.

Laraba, da asuba.

Na yi mafarkin salkar ruwa. Ba zan rubuta ba.

Asabar, 12 ga wata. Da hantsi.

Maganar Lalla ta kai kunnen Inna. Tun jiya ta hana ni daka, ta hana ni ɗaga tulu. Tsohuwa ce da ta baro gonarta a Afala don ta zauna da ni, yanzu ita ke share tsakar gida tana waƙa ƙasa-ƙasa. Yau na ce mata, "Inna, babu komi. Na ga al'adata tun satin can." Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta ce, "To hantar fa?" Na ce ta Rissa ce, ba shi da lafiya.

Ta ce, "Shi dai yana da bakin ci."

Ba ta taɓa faɗin magana irin wannan a kansa ba. Ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai azahar. Na gaji. Ban yi aikin komai ba amma na gaji.

Litinin, 14 ga wata. Bayan magariba.

Kullum jan tauraron yana ƙara sauka. Kaza ce a gaba, ta kusa kai kan katanga, shi yana binta.

Na tuna na taɓa ce wa Likita, tunda ja ne lalle ya fi sauran zafi. Ya ce a'a, kin fi ni sanin wuta, duba murhunki. Garwashin da ya yi ja shi ne ya fara hucewa. Ƙarfe a maƙera in ya kai maƙura fari yake yi. Wai fararen taurari su ne masu tsananin zafi, wannan ja ko rana bai kai ba. Girma ne ya sa haskensa ya fi nata nesa ba kusa ba. Kuma wai duk girman nan jikinsa sakayau ne, in aka auna gaba ɗaya bai kai iskar da muke shaƙa kauri ba. Na ce ashe ƙato ne na banza. Ya ce kada ki zagi majinyacina.

Yau na zauna gaban murhu bayan na sauke tuwo, ina kallon garwashi yana yin ja, yana yin toka. Inna ta ce in tashi kada hayaƙi ya ɓata mini ido. Babu hayaƙi.

Alhamis, 17 ga wata. Bayan isha'i.

Na ɓoye takalmin Rissa don ya kai magariba. Abin kunya, mace mai takaba tana wasan yara. Da duhu ya fara na ajiye takalmin a gabansa, kusa da ƙafarsa. Ya ci gaba da tambayata ina na gan su.

Hanta ta huɗu ke nan ko ta biyar. Ba ta yi ba.

Juma'a.

Ba komai. Zafi.

Lahadi, 20 ga wata. Da la'asar.

Lalla ta kawo ɗinkinta nan, 'yan riguna na hanya take yi wa yaran. Ta ce ƙaramin yana tambaya ko raƙumi yana cizo, ta ce masa ubanka kaɗai ke cizo. Attahir yana jiran cikon hatsi daga Afala, tafiya sai bayan kasuwar tsakiyar Sha'aban.

Na riƙe mata bakin zane tana yankawa. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa mata. In na faɗa, ta faɗa wa Attahir, Attahir ba ya ajiye magana. Ƙannen Likita su ji a Afala, su zo wurin kumandan su ce an yi ƙarya a gabansa, an kashe ma'aikaci da ganganci. Na san inda ake kai mutum bayan wannan. Ko ba a kai shi ba, jagora marar ido ba shi da wata sana'a, kuma yana da 'ya'ya biyar a Tebaram.

In ban faɗa ba, ga riguna nan ana ɗinkawa.

Lalla ta ce, "Ke, kina ja mani zane, sai ya karkace."

Laraba, 23 ga wata. Da hantsi.

Na ce wa kaina ƙila Rissa ya fasa da kansa. Na ce ƙila hatsin ba zai zo ba. Na ce ƙila a yi ruwan farko da wuri. Ina wanke kwano ina lissafa ƙila.

Asabar, 26 ga wata. Bayan isha'i.

An ga watan Sha'aban jiya. Yau Inna ta tafi gaisuwar mutuwa maƙwabta, na ce wa Rissa kada ya bar ni ni kaɗai. Ya zauna. Bayan salla jinjirin wata ya tsaya a yamma, jan tauraron yana hagunsa, tsakaninsu bai fi taki ɗaya na hannu ba.

Na ce, "Yaya, kana ganin wata?"

"Ina ganinshi."

"Mi ke hagunshi?"

Ya gyara amawali har ya kusa rufe idon.

Na ce, "Ba ni son ka faɗa mani da ka. Ka san sama da ka fiye da kowa. Da ido nike tambaya."

Ya ce, "Duhu ke hagunshi, Sauda. Duhu ke damanshi."

Na ɗauka in ya faɗa zan yi ihu, ko in jefe shi da wani abu. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce tun yaushe. Ya ce tun kakar bara ya fara, kaɗan-kaɗan, ƙanana suka fara ɓacewa, manya suka bi su.

"Kuma ka ɗauki Likita ka shiga daji da shi."

"Ya sani."

Na ce kada ya yi wa mamaci ƙarya a cikin gidansa.

Ya ce, "Shi ya gane kafin ni in yarda. Ya ce in ya faɗa a wurin aiki za a sallame ni, ɗiyana mi za su ci. Ya ce shi ke da ido, ni ke da hanya. Shi ya faɗa mani inda kowane ya tsaya, ni in ja akala. Haka munka yi duk sanyin bana, ba mu taɓa ɓata ba. Kin zaci don mi yake kwana kan littafin Anasara?"

Ina ganin tabarmar, ina ganin fitilar can nesa.

"To iskar fa?"

"Babu iska. Zazzaɓi ya kama shi dare na biyu. Yana bisa raƙumi yana ta faɗa mani, wane na gabanka, wane na kafaɗarka. Muryarshi lafiya lau. Ban san taurarin da yake faɗa ba a sama suke ba, cikin kanshi suke. Sai da gari ya waye."

Na ce me ya hana su tsaya su jira rana. Ya kau da kai. Na ce da ruwa ya rage kaɗan wa ya sha. Wannan ma bai amsa ba, ni ma ban so ya amsa ba.

Daga nan na ce, "Lalla da ɗiyanta."

Ya ce akwai farin wata, ya ishe shi ganin ƙasa, kuma ƙafarsa ta san hanyar. Na ce lokacin da za su tashi wata ya fara makara, daren farko kaɗai zai taimake shi. Ya ce in ya kai su lafiya sunansa ya dawo, daga nan sai ya bari da kansa, a ce ya tsufa. "Wannan ɗaya, Sauda. Ki bar mani wannan ɗaya."

Na ce ya je ya faɗa wa Attahir da bakinsa, ko ya ce ƙafa ke ciwo, ko me ya ga dama, amma ya fasa. In bai yi ba ni zan yi.

Ya ce, "Ke da na goya."

Na ce, "Ni."

Na riƙe masa hannu har bakin zaure. Bai ƙwace ba.

Lahadi, da asuba.

Ya sani. Likita yana cin furata a tsaye yana dariya, ya sani.

Talata, 29 ga wata. Da la'asar.

Rissa bai zo ba jiya, bai zo ba yau.

Ina fushi da Likita, wanda ba shi nan. Ba a faɗa mini ana iya yin haka a cikin takaba ba. Ina masa addu'a bayan kowace salla, in shafa, in ci gaba da fushi. Don yayana ya yi, don jinina. Bai tambaye ni ko na yarda ba. Da ya tambaya me zan ce? Ban sani ba. Wannan ne ya fi gajiyar da ni.

Akwai wasu ƙananan taurari da ke kewaye da jan, kamar garke da makiyayi. Likita ya ce ba tare suke ba. Shi yana kusa, su suna can baya da nisa ninki biyu ko fiye, ido ne kawai ke haɗa su wuri ɗaya. Ina zaune da Inna a tabarma ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya.

Lahadi, 4 ga Mayu. Bayan azahar.

Hatsin ya iso. Lalla ta ce Rissa ya je ya duba raƙuma da salkuna, ya ce a ƙara biyu. Bai fasa ba.

Ta kawo hanta ba tare da na ce ba. Na karɓa.

Laraba.

Gobe. Na ce gobe jiya ma.

Alhamis, 8 ga wata. Bayan isha'i.

Na faɗa.

Lalla ta zo da yamma ta nuna mini turmin atamfa da za ta kai wa uwarta. Na ja ta bayan rumbu inda Inna ba ta ji. Na ce, "Kada ku bi Rissa. Ba ya gani in rana ta faɗi. Ko tauraro ɗaya."

Ta yi dariya tukuna. Da ta ga fuskata ta bari. Ta naɗe atamfar a hankali, ta sake warwarewa, ta sake naɗewa.

"Hantar da nike sayo maki, tashi ce?"

"Awo."

"Ni da ƙafata."

"Na zaci za ta yi."

"Tun yaushe kinka sani?"

Na ce tun farkon Rajab.

Ta ce, "Kina riƙe mani zane ina yanka rigar ɗana." Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na faɗa mata sauran, cewa Likita ya sani, da yadda suke yi su biyu. Ta zauna a ƙasa ta jingina da rumbu. Can ta ce, "Maza. Wannan ya rufa wa wancan, mu kuma mu ɗinka likkafani."

Na roƙe ta ta ce wa Attahir wani abu dabam, ta ce mafarki ta yi, ta ce ba ta son Rissa. Ta ce Attahir ba ya sake jagora saboda mafarkin mace, sai ya ji gaskiya. "Kuma kin san bakinshi, Sauda. In ya ji da safe, da azahar mahauta sun ji." Na ce na sani.

Ta tashi ta kaɗe zane. A bakin zaure ta juyo ta ce, "Na gode," kamar wadda aka ba maganin ɗaci. Ta manta atamfar, na aika mata.

Na duba yamma bayan magariba. Jan tauraron ya sauka bayan katanga, daga tsakar gidan nan ba a ganinsa kuma.

Asabar, 10 ga wata. Da hantsi.

Attahir ya ɗauki wani jagora, mutumin Tebaram da ya zo da awaki. Mai kawo mana ruwa ce ta faɗa, tana sauke tulu tana satar kallona. Ta ce a bakin rijiya ana maganganu. Inna ta ce wane iri. Matar ta ce a'a, maganar mata ce.

Litinin, 12 ga wata. Da la'asar.

Sun tashi jiya bayan kasuwa. Na ji kukan raƙuma ta bayan katanga, na ji muryar Lalla tana yi wa ƙaramin faɗa. Ba ta shigo ba, ta turo mini busasshen dabino a ƙwarya.

Rissa ya bar gari tun Asabar, da tsakar rana, a ƙasa, yana jan raƙuminsa. Bai yi mini sallama ba. Ban san ko Tebaram ya nufa ba. Na yi ta lissafin inda magariba za ta same shi.

Maganar ta kai Afala. An aiko cewa ƙannen Likita za su iso gobe da hantsi, kuma daga nan wurin kumandan za su wuce. Rabin labarin suka ji, rabin da ke kan Rissa. Ɗaya rabin yana wurina, kuma ba za su saurari matar da ake tuhumar yayanta ba. Inna kaɗai za su saurara. In ta ce su zauna za su zauna.

Dole ne ta ji daga bakina cewa ɗanta ya sani, ba a yaudare shi ba, da idonsa buɗe ya hau raƙumin. Ban san ko wannan zai sa ta tsayar da su ba, ko kuwa zai kashe mata shi karo na biyu. Tun safe take duban fuskata, ba ta tambaya. Yanzu tana ɗaki tana jan carbi.

Na dafa mata kunun da take so, yana nan yana hucewa. Ban faɗa mata ba tukuna.